Sunan namiji, mahaifa a ciki: wa zai duba lafiyarsa?

Idan ka je asibiti, ko babban asibitin Jibril Mai Gwari da ke Birnin Gwari ne ko ƙaramin asibitin ƙauye, tun daga wurin yankar kati ake raba mutane gida biyu. A rubuta namiji ko mace, kowa ya kama layinsa. Rabon nan yana yi wa kusan kowa daidai, shi ya sa ba ma ko lura da shi.

Amma akwai wasu 'yan tsiraru da katin ba ya faɗin gaskiyar abin da ke cikin jikinsu. Sunansu na maza, shigarsu ta maza, wani ma har da gemu, alhali a cikin mararsu akwai mahaifa, ko gidan ƙwai, ko duka biyun. Ita kuwa mahaifa ba ta san abin da aka rubuta a kati ba. Tana iya zubar da jini, tana iya ɗaukar ciki, tana iya kamuwa da sankara. Abin da nake so ka riƙe daga wannan bayani ke nan: cuta gaɓa take bi, don haka duk gaɓar da mutum yake da ita sai an duba lafiyarta, ko da wane suna ake kiransa.

Su wa ake nufi?

Mutane iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Na farko su ne waɗanda muke kira mata-maza, waɗanda tun a cikin ciki ginin al'aurarsu ko kayan cikinsu bai bi hanya ɗaya ba. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan mutum hunsa, kuma Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya da Kano, da mas'alar gadonsa ya rufe.

Na biyu su ne waɗanda kafafen labarai ke kira masu sauya jinsi. A nan muna maganar wanda aka haifa da cikakken jikin mace, amma ya tashi yana jin kansa namiji, yana rayuwa a matsayin namiji. Wasunsu suna yin allurar sinadarin maza, wasu an yi musu tiyata, da yawa kuma ba su taɓa yin ko ɗaya ba.

'Yan daudu ba sa cikin wannan lissafi. Su jikinsu na maza ne ciki da waje.

Hukuncin addini ko na doka a kan kashi na biyu magana ce ta malamai da alƙalai. Tambayar da ke gabanmu ta likitanci ce: idan ɗaya daga cikin mutanen nan ya zo da ciwon mara, me ya kamata a duba?

Yadda jiki ke ginuwa a cikin ciki

Har zuwa wajen mako na 6 da shigar ciki, ɗan tayi namiji da mace ba su da bambanci a ido. Kowanne yana da wasu 'yan tsoka biyu da za su iya zama 'ya'yan maraina ko gidan ƙwai. Kowanne kuma yana da bututu iri biyu: ɗaya zai iya zama mahaifa da hanyoyin ƙwai, ɗayan zai iya zama hanyoyin maniyyi. Kamar magini ne ya tara kayan gini iri biyu kafin a ce masa ga fasalin gidan.

Umarnin yana fitowa daga kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado guda 46 da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu. Galibi mace tana da XX, namiji yana da XY. A jikin Y akwai wata ƙwayar gado da ake kira SRY, wadda aka gano a 1990. Ita ce ke sa tsokar nan biyu su zama 'ya'yan maraina. Su kuma sai su fitar da sinadarai biyu. Ɗaya shi ne testosteron, mai gina hanyoyin maniyyi, kuma ta dalilinsa al'aurar waje take zama ta namiji tsakanin mako na 8 da na 12. Ɗayan ana kiransa AMH, aikinsa kawai ya narkar da bututun da zai zama mahaifa. Wani masani ɗan Faransa, Alfred Jost, shi ya fara nuna haka a 1947 da gwajin da ya yi a kan tayin zomo.

Ka lura da abu ɗaya. Ginin waje da ginin ciki ba umarni ɗaya suke bi ba. To idan ɗaya ya yi aiki ɗayan bai yi ba, ko sinadarin maza ya zo daga wani wuri daban, sai a sami jikin da wajensa na namiji ne, cikinsa na mace.

Jaririn da ba a ji 'ya'yan marainansa ba

Mafi yawan abin da ke jawo haka ga jariri mai XX shi ne wata matsalar gado da likitoci ke kira CAH. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai suna adirenal. Tana haɗa sinadarin kotisol da ke taimakon jiki a lokacin ciwo, da wani sinadarin da ke riƙe gishiri da ruwa. A mai CAH, injin haɗa waɗannan biyun ya sami tangarɗa, sai kayan haɗin su taru su karkata su zama sinadarin maza. Jaririya tana da mahaifa da gidan ƙwai lafiya lau, amma ɗan-tsakanta ya girma kamar azzakari, leɓɓan farji kuma sun haɗe kamar jakar maraina. A ido namiji ne.

A duniya, ana samun nau'in CAH mai tsanani ga kimanin jariri 1 cikin 15,000. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadon take bayyana, kamar yadda ka sani a sikila, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ta fi yawa a inda auren zumunci ya yi yawa.

Ga inda hatsarin yake. Kimanin uku cikin huɗu na waɗannan jarirai jikinsu ba ya iya riƙe gishiri. Tsakanin kwana 7 da 21 da haihuwa, wato daidai lokacin suna ko bayansa kaɗan, sai jariri ya fara ƙin nono, ya yi ta amai, ya rame, maɗigarsa ta faɗa, jikinsa ya saki. Idan ba a kai shi asibiti ba yana iya rasuwa cikin 'yan kwanaki. Jarirai maza masu XY ma suna kamuwa, su nasu ya fi ɓuya don al'aurarsu ba ta nuna komai.

Yanzu ka kwatanta wannan da yadda ake haihuwa a yankinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma ko biyu cikin goma na haihuwa ba a yi a asibiti. A ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku, ungozoma ce ke fara ganin jariri, sai kaka, sai wanzami ranar suna. Su ya kamata wannan ƙa'ida ta kai wa: idan aka haifi jariri mai kama da namiji amma an shafa jakar maraina ba a ji ko ɗa ɗaya a ciki ba, musamman idan kafar fitsarin tana ƙasa ba a kan azzakari ba, a kai shi asibiti a makon farko. Kada a yanke komai, kada a yi kaciya, kada a bari wanzami ya sa aska da sunan gyara. Suna yana iya jira, ko a sa wanda maza da mata ke amsawa. Gishirin jinin jariri ba ya jira.

Maganin sananne ne: haidirokotison da fuludirokotison kullum, da ƙarin gishiri a lokacin jarirantaka, duk bisa awon likita. Yaran da suka samu suna girma, kuma mata da dama masu CAH sun yi aure sun haihu.

Fitsarin jini: tsargiya ce ko al'ada?

Wanda bai gamu da matsalar gishiri ba yana iya girma a matsayin namiji har ya balaga ba wanda ya san komai. Haka ma wanda aka haifa da tsokar maraina da ta gidan ƙwai a jiki ɗaya, yanayin da aka fi samun rahotonsa a Afirka fiye da sauran nahiyoyi. Yawancin masu wannan yanayin XX ne, da yawansu suna da mahaifa, kuma sau da yawa a matsayin maza ake renonsu.

To a ce ga yaro ɗan shekara 15 a Kuyello ko Dogon Dawa ya fara fitsarin jini. Me za a ce? Tsargiya. Kuma mafi yawan lokuta gaskiya ne, domin duk inda yara ke wanka a rafi da kududdufi tsargiya ba baƙuwa ba ce, har wasu iyaye suna ɗaukar ta alamar girma. Sai a ba shi firazikwantel, maganin da ake rabawa a makarantu.

Amma idan yaron yana da mahaifa, kuma farjin da ke ciki ya buɗe ne a cikin hanyar fitsari, to jinin al'ada ta nan zai fito. Ga yadda za ka bambanta. Jinin tsargiya ya fi zuwa a ƙarshen fitsari kuma ba shi da lissafin wata. Wannan kuwa yana zuwa ne wata-wata, ya yi kwana uku zuwa biyar da ciwon mara, ya ɗauke. Sau da yawa nono yana fitowa, kuma ɗan maraina ɗaya ko duka biyun ba sa cikin jaka. Idan jinin bai sami hanyar fita ba, sai ya taru a ciki, ciwon ya riƙa ƙaruwa kowane wata, har wani ƙullutu ya fito a mara.

Akwai kuma wani yanayi da ba kasafai ake gani ba. Mutum XY ne, namiji ne sosai a waje, amma sinadarin AMH bai yi aikinsa ba, sai mahaifa ta zauna a cikinsa. Galibi a teburin tiyatar gwaiwa ake gano ta, ko lokacin neman ɗan marainan da bai sauko ba. Shi ba ya al'ada, don ba shi da gidan ƙwai. Abin lura a wurinsa shi ne ɗan marainan da ya maƙale a ciki, wanda ya fi na cikin jaka saurin kamuwa da sankara.

Wace rayuwa mutumin da aka gano a makare zai ci gaba da yi? Da yawa daga waɗanda suka girma a matsayin maza suna zaɓar su zauna a haka. Wannan shawara ce da ake yankewa tare da shi, da likitoci, da iyalinsa, da malaman da ya yarda da su. Abin da ba ya canzawa shi ne, muddin mahaifar tana nan, tana buƙatar kulawa. Idan kuma aka cire gidan ƙwai ko maraina, dole a maye gurbin sinadarin da suke bayarwa, in ba haka ba ƙashi zai yi rauni tun da ƙuruciya.

Allurar testosteron ba tsarin iyali ba ce

Mu koma kashi na biyu. Yawancin binciken da aka yi a kansu daga Amurka da Turai ya fito, amma jiki ɗaya ne a ko'ina, kuma darasin yana amfanar duk mai mahaifa da ke amfani da sinadarin maza.

Testosteron yana sa murya ta buɗe, gashi ya fito a fuska, tsoka ta ƙaru. Al'ada takan ɗauke cikin wata 2 zuwa 6. Nan ne mutane ke yin kuskure. Ɗaukewar al'ada ba ta nufin gidan ƙwai ya daina sakin ƙwai gaba ɗaya. Ciki yana iya shiga, kuma sinadarin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman idan mace ce. Duk wanda yake da mahaifa kuma yake saduwa da mai maniyyi, in ba ya son ciki, yana buƙatar hanyar tsarin iyali ta gaske, kamar roba ta hannu, ko allura, ko wadda ake sawa a mahaifa.

Sauran abubuwan lura: fatar farji takan bushe ta yi sirara, ta riƙa zafi ko tsagewa, abin da ke sauƙaƙa wa cututtukan saduwa shiga. Jini yakan yi kauri, shi ya sa ake auna shi lokaci-lokaci, kuma shi ya sa sayen allurar a kemis ba tare da likita ba kasada ce. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta daɗe da ɗaukewa sai an bincika dalilinsa. Wanda aka cire wa nono ma ba a kwashe tsokar duka, saboda haka ƙullutu a ƙirji ba abin rainawa ba ne.

A watan Mayu na 2019, mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga labarin wani ɗan shekara 32 a Amurka da ya je sashen gaggawa da ciwon ciki mai tsanani. Ya gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa da jikin mace aka haife shi, kuma ya yi gwajin ciki a gida ya nuna akwai. Katinsa na cewa namiji. Aka ɗauke shi a matsayin mai ƙiba da ya daina shan maganin hawan jini, aka sa shi a layin marasa gaggawa. Sai bayan sa'o'i aka gane naƙuda yake yi. Cibiya ta riga ɗan fitowa, aka haifi jaririn babu rai. Asibitin yana da kayan aiki. Abin da ya faru shi ne an yarda da kati fiye da bakin mara lafiya.

Bakin mahaifa

Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa cikin sankarar da ke kama matan Najeriya. A 2020, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin mutum 12,000 sun kamu, kimanin 8,000 sun rasu. Kusan dukkanta ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, wadda ake ɗauka ta haɗuwar fata da fata lokacin saduwa. Takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta ciwo. Ashe akwai isasshen lokacin kama ta, in an duba.

Hukumar ta ba da shawarar duk mai bakin mahaifa ya fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Najeriya ta fara rigakafin HPV kyauta a Oktoba 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sauran jihohi suka biyo baya a Mayu 2024. Allura ɗaya ce.

Ka ga inda gizo ke saƙar? Yaron da ake kira namiji ba zai shiga layin rigakafin 'yan mata ba. Babba mai gemu ba zai je ya zauna a bencin masu awon ciki ba. Ko ya je, akwai wata matsalar: wani bincike da aka buga a 2014 daga wata cibiyar lafiya a Boston ya nuna samfurin da ake gogowa daga bakin mahaifar masu sauya jinsi ya fi na sauran mata yawan ƙin karantuwa, kusan ninki goma, kuma hakan yana da alaƙa da daɗewa a kan testosteron. Mafita ɗaya ita ce gwajin HPV da mutum ke ɗaukar samfurin da kansa da ɗan tsinke mai auduga, ya miƙa a kai ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kuma yana rage kunya ga kowa, har da matan da ba sa son a buɗe su.

Hanya da kunya

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne. Shekaru da dama hanyar nan, ta Udawa da Buruku, tana cikin waɗanda aka fi tsoro a ƙasar nan saboda 'yan bindiga, kuma ƙauyuka da yawa sun rasa ma'aikatan lafiyarsu. Sulhun da aka yi a ƙarshen Nuwamba 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar kara, ya sa zirga-zirga ta dawo. Duk da haka kuɗin mota da na kwana a birni ba ƙaramin nauyi ba ne a kan manomi.

Shi ya sa yake da kyau ka san abin da ake iya yi a kusa. Likitan babban asibiti yana iya duba jariri da hannu, ya auna gishiri da sukarin jininsa, ya sa masa ruwa, ya ɗauki hoton ciki don ganin ko akwai mahaifa. Gwajin ciki na fitsari kuwa a kowane kemis ana samu. Awon sinadarai da binciken kuromosom da tiyata su ne na manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko na Barau Dikko a Kaduna, ko na Malam Aminu Kano. A nemi takardar turawa kafin a kama hanya, don kada a yi tafiyar banza.

Kunya kuwa ta fi hanya nisa. A gari irin namu, inda mai yankar kati yana iya zama maƙwabcinka, wa zai buɗe baki ya ce yana jinin wata-wata? Ga kuma tsoron doka, tun bayan da aka sa hannu a kan dokar haramta auren jinsi a Janairu 2014. Amma a wannan shekarar ce aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 20 ya hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, sashe na 26 kuma ya wajabta ɓoye sirrin mara lafiya.

Abin da ya rage gare ka

In kai ma'aikacin lafiya ne, duk wanda ya zo da ciwon mara ko zubar jinin da ba ka gane kansa ba, ka keɓe shi ka tambaye shi cikin mutunci: da wane jiki aka haife ka, an taɓa yi maka tiyata, kana amfani da wani sinadari? In akwai mahaifa, yi gwajin ciki kafin komai, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana kashewa cikin sa'o'i idan ya fashe. Abin da ka ji kuma ya tsaya a ɗakin.

In ke ungozoma ce ko kaka, ki shafa jakar kowane jariri namiji. In babu komai a ciki ta kowane gefe, asibiti.

In kai uba ne, ka lura da lissafin kwanakin fitsarin jinin ɗanka. In ya sha maganin tsargiya bai daina ba, kuma wata-wata yake zuwa, ka nemi a yi masa hoton ciki.

In kuma jikinka ne ake magana a kai, ba kai ka gina shi ba, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ka nemi likita ɗaya da ka yarda da shi ka gaya masa komai. Ka fara da abin da ke damunka yau, ciwon ne ko jinin, sauran maganar za ta biyo baya a hankali.